Buhun Jegon da Bai Isa Masar Ba

Fita daga Limawa

Ladanin unguwarmu ta Limawa a Dutse bai gama kiran farko ba na riga na jawo buhun zuwa zaure. Buhun taki ne da na wanke na shanya, na ɗura masa surfaffen gero, jar kanwa, yajin jego, kimba, kuka, busasshen ganyen runhu da daddawar Kiyawa. Akwatin tufafina bai kai rabinsa nauyi ba. Wanda ya ga kayan zai rantse ƙauye za ni biki, alhali kuwa Masar na nufa, birnin Alƙahira, ni da ko Abuja ban taɓa kwana ba.

'Yata ta fari ce a can. Mijinta karatu yake yi, ita kuma cikinta na fari ya shiga watansa. Bisa al'ada ita ya kamata ta taho gida ta haihu a ɗakina, in dafa mata ruwa safe da yamma har ta yi arba'in. To, lokacin da ya kamata ta taho annobar korona ta rufe filayen jirgi, da aka buɗe kuma cikin ya yi nauyin da ba jirgin da zai ɗauke ta. Sai surukina ya yanko mini tikiti ya ce in je. Abin da ya fitar da ni da duhun asuba ke nan: kada yarinyar nan ta yi naƙudar fari a ƙasar da ba ta da kowa, babu hannun uwa a bayanta.

Kada mai karatu ya jira in faɗi sunanta. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, Allah ya jiƙan uwar da ɗanta, kunya biyu ke nan. Tun da na haife ta sunan bai taɓa fita daga bakina ba. 'Yar Gwaggo nake ce mata, saboda ƙanwar mahaifina, Gwaggo Tasalla ta Kiyawa, ita ta ɗauke ta ranar yaye ta riƙe ta har ta isa shiga makaranta. Ita kuma Malama take ce mini kamar sauran yaran da na koyar a firamare, don ta zauna a ajina, kuma ta fi kowa shan bulala don kada a ce ina son kai. Mijinta ma Umma yake ce mini, amma ita har gobe Malama.

Maƙwabciyata Hajiya Ladi ta fito da tocila ta taya ni ɗora buhun a adaidaita. Ta cusa mini ledar dabino a jaka, ta ce, “Ki ba mai jego, ki ce na Dutse ne, kada Larabawa su yi mata kurin nasu.” Muka yafi juna. Na kulle ƙofa na ba ta mabuɗi, don tun rasuwar maigida da aurar da autata ni kaɗai nake gidan.

Kiyawa, kafin ranar

Bari in ɗan koma baya, don a nan igiyar ta tsinke.

Surukina ya yi ta turo mini saƙon murya yana lissafa sharuɗɗa. Fasfo da biza da katin rigakafin shawara duk suna hannu. Abin da ya rage shi ne gwajin korona: ba za a bar ni in hau jirgi ba sai da takardar da ta nuna ba na ɗauke da cutar, kuma kada takardar ta wuce kwana uku da yi. A can ma za a duba ta kafin in fita filin jirgi. Ranar dawowa a sake wani gwajin, in iso gida in killace kaina mako guda, a sake wani. Na ce wannan ko auren 'yar sarki sai haka.

'Yar Gwaggo kuwa abu ɗaya ta roƙe ni. “Malama, don Allah sati biyun nan ki zauna a gida. Ba biki, ba suna, ba gaisuwar mutuwa.” Na ce na ji. Na kuwa zauna, har Islamiyya na daina zuwa, har mata suka fara cewa tun ban hau jirgi ba na fara girman kai.

Amma yaya zan ƙetare teku ban yi wa Gwaggo sallama ba? Matar da ta goya yarinyar, ta tauna mata abinci, ta kwana da ita lokacin ƙyanda? In na yi mata sallama ta waya, har ta koma ga Allah ba za ta daina faɗa ba. Zumunta a ƙafa take. Na ce a raina zan je da takunkumina, in gaishe ta daga bakin ƙofa, in juyo kafin azahar.

Saura 'yan kwanaki tafiya na hau mota a hanyar Shuwarin, cikin rabin awa muna Kiyawa. Ashe Gwaggo ta aika wa kowa. Na tarar ɗakinta cike da mata kamar ranar buɗar kai: dangin uba, dangin miji, maƙwabta, kowacce da ƙullinta. Ina durƙusawa ta miƙo hannu ta fizge takunkumin.

“Cire wannan ƙyallen in ga bakin da ke gaishe ni. Akuya ce ke?”

“Gwaggo, likitoci ne suka ce…”

“Likitocin ne suka yaye miki 'ya?”

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Aka kawo fura a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, ya zaga ɗakin ya iso kaina. Akwai masu tari, akwai wadda ta ce jiya ta kwana da zazzaɓi amma ba za ta bari Malama ta tafi ba su yafi juna ba. Wa zai ture ludayi a ɗakin Gwaggo? Na sha. A ƙarshe Gwaggo ta buɗe adakarta ta ciro wani tsohon zanen saƙi baƙi, ta ce da shi ta goya 'Yar Gwaggo, da shi za a goya abin da za ta haifa. Sai bayan la'asar na baro Kiyawa, kuma ban gaya wa 'Yar Gwaggo na je ba.

Dutse zuwa Kano

Mu koma ranar tafiya. A tasha na yi sallar asuba, na samu ƙaramar mota mai zuwa Kano. Direban wani dattijo ne mai furfura a gemu, Malam Ɗanjuma. Na biya kuɗin mutum biyu a gaba don kada a matse ni da kowa, na gyara takunkumina, muka ɗauki hanya duwatsun garin suna fara fitowa daga duhu.

Ba mu kai Kwanar Huguma ba wani fasinja a baya ya fara tsaki.

“Direba, mushe ka ɗauko ne a but?”

Malam Ɗanjuma ya dube ni ta gefen ido. “Hajiya, daddawar nan taki ta fi ƙarfin mota. Ina za a kai ta?”

“Masar.”

“Tabɗi! To Allah ya sa kada su sauke jirgin a hanya.”

Na ce musu sharri ne kawai, leda uku na naɗe ta, ni ko alamar warinta ban ji ba. Na ma ji daɗi a raina, na ce ashe na iya ɗauri. Suka sauke gilasai suka ƙyale ni.

A wani shinge kafin Wudil jami'an lafiya suka tsayar da mu, wata yarinya ta saita mana na'urar auna zafi a goshi ɗaya bayan ɗaya, ta ce mu wuce. Fasinjojin baya suka ciro takunkumansu daga aljihu kafin shingen, suka mayar bayan shingen. A kan gadar Wudil na ga masunta sun riga sun shiga ruwa, masu soyayyen kifi suna bin motoci da faranti. Na so in kira 'Yar Gwaggo in ce mata na taso, na tuna can ma safiya ce kuma mai ciki barcin safe take samu. Hantsi bai ɗaga ba muka shiga Kano ta Mariri. Da zan sauka a Unguwa Uku na karɓi lambar Malam Ɗanjuma, na ce in Allah ya dawo da ni shi zai kai ni gida.

Wurin gwaji

Ɗakin gwajin yana cikin wani gida mai dogon bango. Tun a ƙofa aka sa na wanke hannu, aka nuna mini kujera a ƙarƙashin rumfa. An jera kujerun nesa da juna kamar ɗaliban da ake tsoron su saci amsa. Duk matafiya ne: 'yan kasuwa, ɗalibai, wani tsoho da za a kai asibiti a ƙasar waje. Kowa ya rungume fasfonsa, ba mai yi wa wani magana. Ni da na saba in na zauna a layi kafin a zo kaina na san sunan jikokin ta kusa da ni, ranar sai na ji kamar an ajiye ni a tsakiyar gona.

Wanda ya yi mini gwajin ya rufe jikinsa ruf da fararen kaya kamar mai shiga ɗiban zuma, idonsa kawai nake gani. Ya ce, “Mama, ɗaga kai, ki yi haƙuri kaɗan.” Ya zura wani tsinke mai auduga a hancina har na ji shi a ƙeyata. Hawaye ya zubo mini ba kuka ba. Na ce, “Ɗan nan, abin da kake nema in yana can ai ka taɓo shi.” Ya yi dariya ta cikin ƙyallensa, ya ce in dawo gobe da safe.

Ina fita wani mutum mai jar hula da ke jingine a jikin bango ya matso.

“Hajiya, in an samu matsala ki neme ni. Akwai takarda mai hatimi, ba sai an tsokane miki hanci ba.”

Na watsa masa irin kallon da nake yi wa yaron da ya zo aji ba wanka, na wuce.

Kwanan Kano

Ina da 'yan uwa a Hotoro da za su yanka mini kaza, amma 'Yar Gwaggo ta ce a'a, gidan cike yake da yara, in kama ɗaki ni kaɗai. Na sauka a wani ƙaramin masauki. Ɗakin da gado ɗaya, fanka ɗaya, da taga mai kallon bango. Na jingina buhun a kusurwa, shi ne kaɗai abokin hirata.

Da rana na aika aka sayo mini shinkafa da wake da mai da yaji. Na kai loma, na ji kamar ina tauna audugar katifa. Na ƙara yaji, shiru. Na ce a raina Kanawa sun iya kasuwa amma girki sai a hankali, na ture kwanon. Jikina ya ɗan yi nauyi, na ɗora wa hanya laifi.

Bayan magariba ta kira ni ta bidiyo. Fuskarta ta kumbura, ƙafafunta ma ta nuna mini. Ta ce ta gyara mini ɗaki, ta sayi babbar tukunya ta dafa ruwan wanka, har maƙwabciyarta Balarabiya tana tambaya ko biki za a yi. Ta ce, “Malama, jibi war haka kina nan.” Na ce in Allah ya so. Ina son in ce mata na ƙosa in gan ta, amma bakina bai saba ba. Na ce ta rage shan ruwan sanyi.

Sakamako

Da safe na ɗaure kayana tsaf, don daga wurin gwaji tashar Abuja zan wuce, in kwana gidan ɗana Aminu, washegari ya kai ni filin jirgi. Na zauna a rumfar jiya. Ana kiran suna, mutum ya karɓi ambulan ya fita yana murmushi. Da aka zo kaina ba a miƙo mini ambulan ba. Wata ma'aikaciya ta ce, “Mama, zo ta nan,” ta kai ni wani benci a bayan ginin, ta tsaya nesa da ni.

“Mama, kina tari?”

“A'a.”

“Kina jin ƙamshin abu? Kina jin ɗanɗanon abinci?”

Na buɗe baki zan ce ƙwarai, sai na tuna motar Malam Ɗanjuma. Na tuna shinkafa da waken da na zagi mai dafa su. Na tuna ludayin Kiyawa. Ta dubi fuskata, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce gwajin ya nuna ina ɗauke da cutar. Tunda jikina da ƙarfi kuma ni kaɗai nake gida, zan iya komawa Dutse in killace kaina, za su sanar da jami'an can su riƙa bibiyata. Na ce, “Jirgina gobe ne. 'Yata ce za ta haihu.” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Allah ya sauke ta lafiya, Mama.”

A bakin ƙofa mai jar hula yana nan inda na bar shi. Bai ma tambaye ni ba, fuskata ta gaya masa.

“Hajiya, kafin azahar takardarki ta fito. Ba wanda zai gane. Ga ki garau, wace cuta?”

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, yau ban harare shi ba. Na tsaya. Ga tikiti a jaka, ga buhu, ga tukunya can an saya ana jira. Har na sa hannu a jaka. Hannuna ya faɗa kan zanen saƙin Gwaggo, sai na ga kaina ina goya jariri ɗan kwana ɗaya da shi, ina numfashi a kansa, ina tofa wa uwarsa addu'a a fuska. Da hannuna zan kai musu abin da na sha a ludayi. Na ce masa, “Allah ya shirye ka,” na ja buhuna. Ban san ko shi na yi wa addu'ar ko kaina ba.

Komawa

Na kira Malam Ɗanjuma na gaya masa gaskiya duka, na ce ya sanar da fasinjojin jiya in ya san inda suke, kuma in yana tsoro ba zan ga laifinsa ba. Ya ce, “Hajiya, ai jiya kusa da ni kika zauna. In rabona ne na riga na ɗauka. Tsaya inda kike.”

Na ɗauki motar gaba ɗaya. Na zauna a baya, shi a gaba, kowa da takunkumi, gilasai duk a sauke. Iska ta hana mu hira. A Wudil na kira surukina na gaya masa. Ya yi salati, ya ce zai san yadda zai gaya mata. Ba a jima ba ga kiranta.

“Malama, ina kika je?”

“Kiyawa.”

Na jira faɗa. Da ta yi faɗan da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ce, “Gwaggo tana lafiya?” Na ce lafiya lau. Ta ce, “To ki sha magani, ki ci abinci,” ta kashe. Daga nan har Kwanar Huguma ina kallon gonaki ina kuka, iska tana busar da hawayen kafin su kai haɓa.

Mun shiga Limawa da la'asar. Yaran layi suka ɗauki ihu, “Malama ta dawo daga Masar!” Hajiya Ladi ta fito da gudu hannu a buɗe. Na ɗaga mata hannu na ce, “Tsaya nan, Hajiya. Ajiye mabuɗin a ƙasa.” Na gaya mata. Ta ja da baya taku biyu, sannan ta ji kunyar jan da ta yi, ta rasa inda za ta sa idonta. Malam Ɗanjuma ya sauke buhun a zaure, a daidai inda na ɗauke shi jiya, ya ce, “Kana naka Allah na nasa, Hajiya.”

Daga ɗaki zuwa tsakar gida

Wannan zangon shi ne mafi tsawo a tafiyar, kuma bai wuce tsakanin gadona da bakin rijiya ba.

Zazzaɓi ya sauko mini a kwana na biyu. Jami'an lafiya suna kira kowace safiya su tambayi numfashina. Hajiya Ladi tana ɗora kwanon tuwo a kan katangar da ke tsakaninmu ta buga da ludayi, in ta shige in ɗauka. Gidan da ba ya rabuwa da sallama, masu aron turmi, masu kawo yara in duba musu aikin makaranta, ya yi tsit. Ina jin mata suna wucewa ta ƙofar gida, in sun zo daidai zaurena sai muryarsu ta yi ƙasa, takunsu ya yi sauri. Ban ga laifinsu ba, amma na ji ciwo. Kaɗaici na sani tun rasuwar maigida, sai dai wancan kaɗaicin ana shigowa a taya ka shi.

Na kira Kiyawa na ce duk wadda ta zo sallama ta kula da kanta. Gwaggo ta karɓi wayar tana tari ta ce, “Mura ce, 'yar nan. Mu da muka ga sanƙarau.” Allah ya taimaka ta warware, ita da sauran. Har yau ba ta yarda furarta ce ba, ni ma na daina gardama.

Ranar da zazzaɓin ya fi tsanani, ina kwance a tabarma bayan azahar, waya ta yi ƙara. Surukina ne. Ya ce naƙuda ta tashi tun safe, sun je asibiti, amma saboda annoba an hana shi shiga, yana tsaye a bakin titi. Ita kaɗai ce a ciki da waya a hannu. Ya ce, “Umma, ki kira ta.”

Na kira. Ina jin muryoyin mata suna Larabci da sauri, ina jin ƙarar ƙarafa, sannan numfashinta.

“Malama… ba na jin abin da suke cewa. Malama, mutuwa zan yi.”

“Ba za ki mutu ba. Yi addu'a. Ki ce ya Hayyu ya Ƙayyumu.”

“Ba kowa a nan. Ba wanda ya san ni.”

Na tashi zaune. Na dubi tsakar gidana, ba kowa sai kaji. Ita can ba kowa, ni nan ba kowa, tsakaninmu hamada da teku da ludayin fura ɗaya. Na yi ta ce mata ke, ke yarinya, ke 'Yar Gwaggo, tana ta kuka ba ta ma ji na. Muryarta ta fara yin nisa, kamar mai shirin sakin wayar.

Sai na kira sunanta. Sunanta na yanka, cikakke, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga ƙofar gida. Kajin ma sai da suka watse.

Kukan ya tsaya. Na ɗauka layin ne ya yanke.

“Malama?”

“Ina nan.”

“Sake faɗa.”

Na sake. Na ce mata, “Uwarki ce. Ina nan, ba inda za ni. In ciwon ya taso ki riƙe ƙarfen gadon ki yi nishi ƙasa, kada ki yi ihu sama, ihu ƙarfi yake ci.” Haka muka yi ta yi, ni ina tari ita tana nishi. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san inuwar katanga ta rufe rijiya. Ana kiran la'asar a masallacinmu na ji wani ƙaramin kuka mai kaifi daga Alƙahira. Wata Balarabiya ta ɗauki wayar ta yi ta magana, kalma ɗaya na gane, mabaruk, wato barka. Mace aka samu.

Na yi sujada a kan tabarma. Na ɗago ina neman wanda zan yi wa albishir, ba kowa. Na je jikin katanga na buga kwanon tuwo da ludayi har Hajiya Ladi ta fito, na gaya mata ta saman bango. Ita ta rangaɗa guɗar a madadina.

Jego ta waya

Wankan jego dai sai da aka yi shi, amma ba da hannuna ba. Surukina, mutumin da tun da ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba, in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, shi ya zama ungozoma. Ya samo gero a shagon 'yan Sudan, matar wani ɗalibi ɗan Haɗeja ta ba shi kanwa. Ya jingina waya a kicin, ni ina Limawa ina ba da umarni. Da farko a kunyace nake cewa, “A ɗan ƙara ruwa, a ɗan rage wuta.” Da na ga zai kashe mini 'ya da kanwa sai na manta da surukuta.

“Kai! Wannan kanwar ta raƙumi ce? Rage! Dama, dama, kada ya yi gudaji!”

“To, Umma. To, Umma.”

Ina jin mai jego daga ɗaki tana dariya tana cewa wayyo cikinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ana gama kiran sai gidan ya koma shiru. In zauna in dubi buhun a zaure, da duk abin da suke nema a can a cikinsa.

Ranar suna

Da safiyar ranar suna surukina ya kira bayan an shafa fatiha a masallacin ɗalibai. Ya ce, “Umma, an sa wa yarinya Hafsatu.” Sunana ke nan. Na ce Allah ya raya ta. Sai uwar ta karɓi wayar, ta juyo mini da fuskar jaririyar, jajir, ta dunƙule hannu kamar mai shirin dambe.

“Malama, kin ga abin da kika ja mini. 'Yar fari, kuma mai sunanki. Ni ma yanzu ba ni da bakin kiran 'yata.”

“To me za ki riƙa ce mata?”

“Malama Ƙarama.” Ta dubi jaririyar. “Amma ni ba zan jira sai tana naƙuda ba.”

Na ce ta gyara wa yarinya wuya, kanta ya karkace.

Da muka gama na fita zaure in ɗauko tsintsiya. Ina sunkuyawa wani wari ya daki hancina har na ja da baya. Daddawar Kiyawa ce. Malam Ɗanjuma ya yi gaskiya, da sun sauke jirgin a hanya. Na zauna a kan buhun ina shaƙa ina dariya ni kaɗai, har dariyar ta juye.

Isowa

Gwajin da aka sake yi mini a Dutse bai fita da tsabta ba sai a karo na biyu. Kafin nan bizar ta ƙare, arba'in ta wuce, 'Yar Gwaggo ta ce in bari kawai, suna gama shekarar karatu za su taho. Na buɗe ƙofar gidana da kaina, Hajiya Ladi ce ta fara shigowa, ta rungume ni ba ta tambayi kowa izini ba. Geron da kanwar na ba wata mai jego a layinmu. Zanen saƙin yana kan akwatina a ninke, ban mayar wa Gwaggo ba, yana jiran bayan da za a ɗaura shi.

To, jama'a, tafiyata Masar ke nan: na kai Kano na dawo. Na gode wa Allah da ya sauke yarinyar nan lafiya ba da dabarata ba. Na gode wa Malam Ɗanjuma da ya ɗauki fasinjar da kowa zai guda, da Hajiya Ladi da katangarta, da ma'aikaciyar da ta gaya mini magana mai ɗaci da murya mai taushi, da surukina da ya sha faɗa a kan kunu. Gwaggo ma na gode mata, don ko yau aka ce in sake, ban san yadda zan ture ludayin ba.

Jikata ta fara zama, har yanzu a waya kawai na san ta. Sunan uwarta kuwa ba zan rubuta shi a nan ba. Sau biyu na faɗe shi a duniya, kuma wadda aka yi domin ta ta ji.